Bayan Hilux yana zaunawa idan na ɗaura tirela: ƙarin falle, sabon sifirin ko jakar iska?

Manomin Kadawa:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin ƙarƙashin mota da kuma waɗanda suka saba jan tirela da a-kori-kura. Ina da Toyota Hilux mai ƙofa huɗu, samfurin 2012, wadda nake zirga-zirga da ita tsakanin gidana a cikin birnin Kano da gonata ta noman rani a Kadawa. Na sa masu walda sun haɗa mini tirela mai aksil biyu domin kai taki da dawo da amfanin gona, kuma wanda ya haɗa ta ya ƙiyasta nauyinta a kan kilo 600 idan babu kaya. Idan lokacin zuba taki ya yi, nakan ɗora mata buhu 30 mai kilo 50, in sa wasu takwas a bodin motar tare da injin ban-ruwa, sannan ma'aikata uku su shiga ciki.

Da zarar an ɗaura tirelar, sai bayan motar ya zauna har tazarar da ke tsakanin taya da bodi ta kusa ɓacewa, gaba kuma ya ɗaga, sitiyari ya yi sakayau a hannu. Da daddare fitilun suna haska idon masu tahowa maimakon kwalta. A titin Zariya, idan babbar mota ta wuce ni da gudu, ina jin tirelar tana kaɗa bayan motar hagu da dama, a hanyar burji ta shiga gona kuwa ina jin aksil yana dukan shasi a duk ramin da na faɗa.

An ba ni shawara uku. Wani ya ce a ƙara falle ɗaya ko biyu a kan sifirin da ke jiki, wato jerin fallayen ƙarfe da ke ɗauke da bayan motar, wani ya ce a cire shi gaba ɗaya a sa mai ƙarfi, na uku kuma ya ce a sa jakar iska wadda ake hurawa idan za a ɗauki kaya. Abin da ya hana ni yanke hukunci shi ne wannan kaya ba na kullum ba ne. Mafi yawan watannin shekara motar babu komai a bayanta, da ita nake kai yara makaranta, da ita nake kai mahaifiyata ganin likita, kuma ba na son ta koma mota mai tsalle da tsoho ba zai iya zama a cikinta ba. Wanne ne ya fi dacewa da irin aikina? Allah ya saka da alheri.

Bakanike a Ƙofar Ruwa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin a kai ga maganar sayen sabon abu, ya kamata a fara duba lafiyar wanda yake jiki, domin mota samfurin 2012 da ta yi aikin gona da wuya a ce sifirinta yana nan da ƙarfinsa na asali. A ajiye ta a wuri shimfiɗaɗɗe marar gangare babu kaya, a auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi a kowane ɓangare. Idan ɓangare ɗaya ya fi ɗaya zama, ko kuma fallayen sun miƙe sun rasa lanƙwasarsu, to sifirin ya gaji. A duba ko akwai fallen da ya tsage, musamman kusa da ƙusar tsakiya, a duba bushin na gaba da na baya, a kuma duba robar da ke tare aksil kada ya daki shasi, domin dukan da kake ji a hanyar burji yakan nuna cewa ta cinye ko ta faɗi.

Game da ƙarin falle, shi ne mafi araha kuma shi aka fi yi a nan garin, kuma yana ɗaga bayan mota ba shakka. Amma idan aka ɗora sabon falle a ƙarƙashin waɗanda suka riga suka gaji, shi kaɗai ne zai riƙa ɗaukar wahalar, kuma tsofaffin sukan karye daidai inda bakin sabon ya tokare su. Abin da ba na so ko kaɗan shi ne a ɗauko fallen wata babbar mota a yanka a cusa, domin kaurinsa da lanƙwasarsa ba su dace da sauran ba. Haka nan kada ka yarda a kai sifirinka wuta ko a yi masa walda. Ƙarfen sifirin an gasa shi ne a kan wani mizani a masana'anta, wuta tana kashe wannan gashin, walda kuma tana barin wurin da zai karye ba tare da sanarwa ba. Buga shi da guduma don a dawo da lanƙwasa yana ɗaga mota na ɗan lokaci ne kawai, sannan ta koma yadda take.

Idan da kaya ne na kullum, da sai in ce ka sa cikakken sifirin mai ƙarfi. Kamfanonin Ostireliya irin su Old Man Emu da Ironman 4x4 da Dobinsons suna yin na Hilux, kuma suna rarraba su ne bisa nauyin da zai zauna a bayan motar dindindin, misali na kilo 300 ko na kilo 600. A nan ne mutane suke cutar kansu: mutum ya zaɓi mafi ƙarfi yana ganin ya more, alhali motarsa fanko take yawo, sai ta riƙa tsalle, tayoyin baya su riƙa barin ƙasa a kan gargada. Tun da ka ambaci mahaifiyarka, ka guji wannan.

Abubuwa biyu da ake yawan mantawa da su. Na farko, ƙusoshin da ke ɗaure sifirin da aksil, masu siffar U, ba a mayar da tsofaffi idan an kwance su, sababbi ake sawa, kuma a dawo a sake ɗaure notinsu bayan an ɗan yi tafiya da motar. Na biyu, idan motarka ba mai ABS ba ce, wato tsarin da ke hana taya kullewa idan an taka birki, akwai wani bawul na birki a saman aksil na baya, da ɗan sandan ƙarfe da ya haɗa shi da aksil ɗin. Aikinsa shi ne ya ƙara wa birkin baya ƙarfi gwargwadon yadda bayan motar ya zauna. Idan aka ɗaga bayan ba a daidaita shi ba, zai ɗauka motar fanko ce ko da tana ɗauke da kaya, sai ya rage wa tayoyin baya birki a daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Injiniya Abu Safiyya:

Alhaji, bayanin da Malam ya yi a kan sifirin daidai ne, amma ina roƙon ka dakata da sayen komai tukuna, domin lissafin kayan da ka kawo ya fi damuna fiye da zaman da motar take yi. Babu wani sifirin, ko jakar iska, ko roba, da yake ƙara nauyin da kamfani ya yarje wa mota ta ɗauka. Duk abin da suke yi shi ne su hana bayan zama. Aksil ɗin dai shi ne, boris ɗinsa su ne, shasi da birki da taya duk ba su canza ba. Hatsarin gyaran nan shi ne yana ɓoye alamar da motar take ba ka, ta tsaya a miƙe kyakkyawa alhali kayan sun fi ƙarfinta.

Mu yi lissafi da alƙaluman da ka bayar. Buhu 30 mai kilo 50 ya zama kilo 1,500, a haɗa da kilo 600 na tirelar, jimla kilo 2,100. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce hancin tirela ya ɗora wa maƙalin mota, wato ƙarfen da ake ɗaura tirelar a jikinsa, kimanin kashi 10 cikin 100 na wannan nauyi, wato kilo 210. Sai dai maƙalin ba a kan aksil yake ba, yana bayansa da kimanin mita 1.2, tazarar da ke tsakanin aksil na gaba da na baya a wannan Hilux kuwa milimita 3,085 ce. Duk wanda ya taɓa ganin an loda wa amalanke kaya a bayan tayarsa har hannuwansa suka ɗaga sama ya san abin da ke faruwa. Wannan kilo 210 zai sauka a kan aksil na baya a matsayin kusan kilo 290, kuma ƙarin kilo 80 ɗin daga tayoyin gaba aka ɗebe shi. Shi ya sa sitiyarinka yake yin sakayau, kuma tayoyin gaba su ne suke juya mota, su ne kuma suke yin mafi yawan aikin birki. Ko ka sa sifirin da ya fi kowanne ƙarfi, wannan kilo 80 ba zai koma gaba ba.

Sannan ga buhu takwas a bodi, kilo 400, ga injin ban-ruwa, ga mutum huɗu har da kai, ga nauyin hancin tirela wanda shi ma cikin kayan motar ake lissafa shi. Ka riga ka doshi kilo 950, alhali a-kori-kura mai ƙofa huɗu irin wannan abin da aka yarje mata yawanci bai wuce tan ɗaya ba, wasu ma ba su kai ba. Kuma wannan idan hancin ya tsaya a kilo 210 ke nan. Yadda na ga masu lodi suna jibga buhuna a gaban tirela don ya fi musu kusa, zai iya haura 300. Ka duba allon da ke jikin ginshiƙin ƙofa ko cikin ɗakin inji, da littafin motar, za ka ga iyakar nauyin motar gaba ɗaya, da na kowane aksil, da na abin da za ta ja. Tan 3.5 da ake ji ana faɗa na wasu ne daga cikin sababbin samfurin da suka fara fitowa a 2015, naka bai kai nan ba.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce, shin tirelar tana da birki nata na kanta? Yawancin waɗanda ake haɗawa a wurin masu walda ba su da shi. Iyakar da aka saba sanya wa tirela marar birki ita ce kilo 750, kai kuma kana jan kusan ninki uku na wannan. Ranar da mai Adaidaita Sahu ya yanko gabanka a Na'ibawa, tan biyu ne zai turo ka daga baya, kuma bayan motar da ya riga ya zauna zai iya zamewa gefe. Idan kuɗin gyara ɗaya kawai gare ka a bana, a kan birkin tirela ya kamata su tafi. Akwai irin wanda yake aiki da turawar da tirela take yi wa maƙali idan mota ta rage gudu, ba ya bukatar wuta, kuma ana iya sa shi a aksil ɗin da aka yi domin haka.

Kaɗawar da kake ji idan babbar mota ta wuce ka kuwa, mafi yawanci daga tsarin lodi take. A sa wajen kashi 60 cikin 100 na kayan a gaban tsakiyar aksilolin tirelar, a tara masu nauyi a ƙasa kusa da aksil, kada a bar nauyi a can wutsiya, a kuma ɗaure kada su zame. Tirela mai aksil biyu dole ta tsaya a miƙe idan an ɗaura ta, in ba haka ba aksil ɗaya ne zai ɗauki kayan, don haka a duba tsayin maƙalin. Kamfanonin sarrafa shinkafa da na abinci da dama a yankunan masana'antu na Sharaɗa da Bompai da Chalawa suna da sikelin auna mota. Ka nemi alfarma a auna maka da cikakken lodi: motar da tirela tare, sannan tayoyin gaba kaɗai, sannan na baya kaɗai. Da waɗannan alƙaluma ne za a san irin taimakon da bayan motar yake bukata.

Ummu Khalil:

Ranka ya daɗe, ni ina harkar kayan biki ne, rumfuna da kujeru da janareta, kuma yanayina ya yi kama da naka, domin motar tana jan tirela a ƙarshen mako, sauran kwanaki kuma fanko take. Jakar iska na sa, kuma ta yi mini daidai. Ana ɗaura ta tsakanin shasi da aksil a kowane ɓangare, sifirin na asali yana nan yana aikinsa, ita tallafi ce kawai. Idan za a ɗaura tirela, direba ya tsaya wurin mai faci a hura har bayan ya dawo kusa da tsayinsa na fanko, idan an sauke kuma a sace iskar. Sanannun masu yin ta su ne Air Lift da Firestone na Amurka, kuma dukansu suna gargaɗin kada a bar ta babu iska ɗungurungum, a bar aƙalla psi 5 (ma'aunin matsin iska) a ciki don kada ta naɗe ta goge, kada kuma a haura psi 100. Ni ban taɓa kusantar wannan iyaka ta sama ba.

Shawarata idan za ka sa ita ce kowace jaka ta samu bututunta da bakin hurawarta daban. Idan aka haɗa su a bututu ɗaya, a kwana iskar takan gudu daga ɓangaren da nauyi ya danne zuwa ɗaya ɓangaren, sai motar ta ƙara karkata. A kuma nisanta bututun daga salansa, a ɗaure shi inda dutse ba zai same shi ba. Wahalarta ita ce sai an yi odarta daga waje, kuma dole a tabbatar ta Hilux ce ta shekarun 2005 zuwa 2015, domin ƙarafan ɗaurinta sun bambanta daga mota zuwa mota.

Bakanike a Ƙofar Ruwa:

Hajiya, ban musa cewa ta yi miki aiki ba, amma hanyarki kwalta ce a cikin gari, ta Alhaji kuwa burji ce da kwari da ƙaya. Sifirin yana raba nauyi ne a wurare biyu a jikin shasi, gaba da baya, inda kamfani ya ƙarfafa domin haka. Jakar iska kuwa tana tattara shi a wuri ɗaya a saman aksil. Idan aka hura ta sosai, ga kaya a bodi, ga hancin tirela yana danna wutsiya, sannan aka faɗa rami da gudu, shasin mota mai ƙofa huɗu yana iya lanƙwashewa tsakanin wurin zaman mutane da bodi, kuma wannan ba gyaran yini ɗaya ba ne. Idan kuma ta huje a Kadawa, babu inda za a samu madadinta a ranar.

Akwai hanya ta huɗu da ba a ambata ba, wato robar tallafi mai rami a ciki da ake sawa a gurbin robar asali, irin ta kamfanin Timbren na Kanada ko SumoSprings. Idan mota fanko ce akwai 'yar tazara tsakaninta da aksil, ko kuma taɓawa kaɗan, don haka laushin tafiya ba ya canzawa sosai, sai kaya sun danne sannan ta fara ɗauka. Ba a hura ta, ba ta hujewa. Ita ma a wuri ɗaya take tokarar shasi, don haka ba lasisin ƙara lodi ba ce, kuma ba a iya daidaita ta kamar jakar iska. Sannan ko me aka zaɓa, a canza shokozoba na baya idan sun tsufa. Su ba sa ɗaukar nauyi, amma su ne suke kashe lilon da mota take yi bayan rami, kuma tirela tana ninka wannan lilo. A nemi na gaske, domin jabun da ke kwaikwayon manyan sunaye sun yi yawa a kasuwa, kuma araha ba ta ado.

Manomin Kadawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Injiniya, tirelar ba ta da birki, kuma zan fara da wannan kamar yadda ka ce. Na auna tsayin bayan motar yadda Malam ya kwatanta, na tarar ɓangaren direba ya fi ɗayan zama da kusan santimita biyu, robar da ke tare aksil ta wannan ɓangaren kuma babu ita. Abin da nake tunani yanzu shi ne in sa sabon sifirin mai matsakaicin ƙarfi da sababbin shokozoba, in ƙara da robar tallafin nan, in kuma daina sa taki a bodi idan ina jan tirela. Saura tambaya biyu. Wani ya yi mini maganar wani maƙali mai sanduna biyu da yake mayar da nauyi gaba, shin zai yi amfani a nan? Sannan tayoyin da ke jiki na ƙananan jif ne na hannu da na saya, ko su ma suna cikin lissafi?

Injiniya Abu Safiyya:

Tsarin da ka zayyana ya yi, Alhaji, musamman cire buhunan daga bodi, wanda shi kaɗai zai sauke wa aksil na baya kusan kilo 400 ba tare da ka kashe ko kwabo ba. Idan takin ya fi abin da littafin motar ya yarda a ja, a raba shi sawu biyu.

Maƙali mai sanduna shi ne kaɗai a cikin duk abin da aka ambata yake mayar da wani ɓangare na nauyin zuwa tayoyin gaba da na tirela. Amma an yi shi ne domin shimfiɗaɗɗen titi, ana kwance sandunan kafin a shiga kwari ko gangare mai tsanani don kada su murɗe shasi, yana bukatar hancin tirela da ƙarfen ja da aka gina domin ɗaukarsa, kuma yawancinsa ba ya jituwa da birkin turawa da na ba ka shawara. Ga tirelar da aka haɗa a gida mai shiga gona, ban ga dacewarsa ba. Gara a duba ƙarfen jan da ke jikin motar, a tabbatar a shasi aka ɗaure shi da ƙusoshi masu ƙarfi, ba a bamba ba, a kuma sa sarƙoƙi biyu na tsaro a gicciye ƙarƙashin hancin.

Taya kuwa tana tsakiyar lissafin. A gefenta akwai lambar nauyi bayan lambar girma: 110 tana nufin kilo 1,060 ga taya ɗaya, 112 kuma kilo 1,120, kuma wannan a cikakkiyar iskar da aka rubuta ne. Ka nemi masu harafin C ko LT, waɗanda aka yi domin ɗaukar kaya, gefensu ya fi tauri, wanda shi ma yana rage kaɗawa. Ka duba lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi tayar. Tayar hannu da ta haura shekara shida, ga lodi, ga kwaltar Kano a watan Afrilu lokacin da zafi yake haura digiri 40, ba abin dogaro ba ce, kuma wannan ya shafi tayoyin tirelar guda huɗu. A auna iska da safe kafin a motsa, a bi adadin cikakken lodi da ke jikin takardar ƙofa. Bayan an gama aikin sifirin, ka sa Malam ko wanda ya yi maka ya daidaita bawul ɗin birkin da ya ambata da kuma saitin fitilun gaba, sannan ka koma kan sikeli da lodinka na gaske ka kawo mana alƙaluman aksil na gaba da na baya.